Tagar Biya

Shekara sha tara ina bayan wannan taga
a babban asibitin Damagaram.
Ba fuska nake gani ba, hannu nake gani.
Na san kuɗin mai tuya da maiƙonsu,
na san na baduku, warin jima ba ya barinsu,
na san jikar da ta yi wata shida a lalita
tana jiran ranar da ba a so.

Da hantsi hannun Barira ya shigo.
Daga Mirriya take, ta sayar da akuya a kasuwar Dole,
mota da allura sun cinye rabi.
Mijinta na gindin bedi, ciki ya kumbura.
Takarda ta ce hoto.
Na ce, Inna, injinmu ya mutu tun kafin azumi.
Ta ce, to ina?
Na nuna da haɓa: ƙetaren kwalta, gini mai farin fenti
inda likitanmu yake komawa bayan azahar.
Rigar ita ce, hannun shi ne,
sai dai can sallamarsa jika talatin.

Ban zage shi ba. Na san albashinsa.
Ni ma bara, da numfashin uwata ya sarƙe,
ban bi layin tagata ba.
Na jinginar da babur, na ƙetare da gudu.
Ɗaki sanyi kamar randa, ko ƙuda babu.
Ta tashi. Har yau ina biya.

A taro an ce a bar wa 'yan kasuwa, su suka iya gyara.
Ban musa ba: can famfo ba ya ƙafewa
a garin da jarka ke kwana a layi.
Amma harajin da aka yanka kan akuyar Barira,
wane gado ya saya, kuma wa ke kwance a kai?

Ta kwance bakin zane, ta ƙirga a gabana,
jika sha ɗaya da dala arba'in.
Ta sake ƙirgawa, ko sun haihu.
Sai ta sunkuyo har na ga idonta:
Ɗana, in na ba su wannan,
za su ɗauki hoton rabin cikin?

Hatimi na hannuna, ban san inda zan buga ba.
Na bayanta ya ƙwanƙwasa gilashi.
Wani hannun ya shigo.