Takalmin Doki

Ni ne Tiburcio, maƙerin San Telmo,
gindin duwatsun Zacatecas, ƙasar Meziko.
Shekara ashirin da shida ina buga wa dawakin gwamnati ƙarfe a kofato.

Kafin su zo, hanyar azurfa ta 'yan fashi ce.
Fatake kan bar wasiyya kafin su ɗaura wa alfadari kaya.
Sai ga su wata Laraba, su goma sha ɗaya,
tufa ruwan toka, maɓallai na walƙiya,
malafa mai faɗin faifai biyu,
jan ƙyalle a wuya.
Gari ya yi tafi. Ni ma na yi.

Na gane ɗaya, Nicanor Barragán,
wanda ya tsare kawuna a mashigin rafi bara waccan.
Ga shi yau da lambar hukuma.
Ya ce, "Maƙeri, sai ɓarawo ke gane sawun ɓarawo a kan dutse."
Na ce to, na ɗaga ƙafar dokinsa.

Hanya kam ta yi lafiya.
Mace kan kai kaji kasuwa, ta dawo da kuɗinta cif.
Wannan ba zan ɓoye ba.

Amma kofato ba ya ƙarya.
Dokin da ya bi mutum a guje
kan dawo da ƙarfe a cinye, ƙusa a karkace.
Ran da suka tafi da Crescencio,
yaron da ya ƙi noma wa mai gona bashin ubansa,
hannu ɗaure, wai gaban alƙali,
tafiyar yini biyu,
kafin inuwa ta gajarta sun komo.
Wai ya ruga, suka bi, bindiga ta tashi.
Na duba ƙafa arba'in da huɗu.
Babu wanda ya yi sukuwa.
Ko gumi babu a ƙarƙashin sirdi.

Uwarsa ta zo, ta tsaya jikin zugazugi.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Na yi ta dukan ƙarfen da ya riga ya huce.

An daɗe da rushe rundunar, yaƙi ya watsa su.
Nicanor na tallar gasasshiyar masara a tashar jirgi,
yara na ce masa kaka.
Jikata Eulalia ta tono wani tsohon takalmin doki a bayan maƙera,
ta kafa bisa ƙofa, wai yana kawo sa'a.
Na san shi, aikin hannuna ne,
bakinsa ko ɗan cinyewa bai yi ba.

Ƙofar ta fi ni tsawo.
Duk da haka, in zan shiga, sai na sunkuya.