Kwana Uku Famfo Shiru

Kwana uku famfon Garin Malam bai ko yi tari ba.
Na bar jarkata a layi, Barira na gadi,
na taho labo, na kafa ido a madubi.

Su ma tun jiya na yanke musu abinci,
'yan sandunan nan da ido bai gani.
Ba su yi kuka ba. Lissafi suka zauna yi.

Yunwa ba ta shiga da sallama ɗaya.
Saƙo ne, hannu zuwa hannu, kamar bokiti a bakin rijiya,
har ya cika wa mai yanke shawara tulu.
In ya ce a rufe, to, an rufe ke nan.

Sai a ja katanga, ba a tsakiya ba:
ɗaki babba na uwa, lungu na ɗiya.
Kundin gado ɗaya ne, kowa da kwafinta,
magatakarda ma iri ɗaya,
sai dai shi bai san shafin da zai buɗe ba
sai an ɗora masa yatsa.
Yatsan nan muke kira sigma.

Na fari ya farka a lungu,
ya ƙwanƙwasa bango: kin ji?
Na biyu ya amsa daga ɗakin uwa,
ta miƙe, ta lulluɓe ɗiyar da jikinta duka.
Na uku, can ciki, ya ce a tsotse ruwa, a ɗaure kundi.
Na huɗu bai motsa ba sai da ya ji daga gare shi,
sannan ya sa uwa yaɓe, hawa kan hawa,
yadda kakana Tanimun ke toshe bakin rumbu.

Shafin ƙarshe da aka buɗe mata
shi ne na fashewa.
Ta karanta shi kamar sauran.

Abin da ya rage ƙwallo ne mai ƙyalli,
ba ya ci, ba ya sha, ba a ce ya mutu ba.
Zai iya kwana a tsagar dutsen Birni
har jikokin Barira su yi furfura.

Waya ta yi ƙara. Ita ce.
Wai ruwa ya zo, siriri kamar zare,
in yi sauri, ana ture mini jarka.

Na ɗiga wa gilashin digo ɗaya kafin in fita.