Shafi na Sha Huɗu

Mahaifiyata ta rasu da faɗuwar ganye.
Na rufe gidanta na bakin teku a Thurso,
na saki labule, na ba maƙwabci Torquil mabuɗi,
na hau jirgin ƙasa na koma Glasgow bakin aiki.

Kofinta kaɗai ban iya taɓawa ba.
Na bar shi a taga, da zoben shayi a gindinsa.

Sai sanyi ya sauko da ƙarfinsa.
Ruwa ya daskare cikin bututun saman silin,
ya kumbura kamar mai cin magana a ciki,
ranar da ƙanƙara ta saki, ƙarfe ya tsage.
Kwana tara yana zuba, babu kunnen da ya ji.
Ya biyo matakala a hankali kamar mai gida,
ya sha dardumar da ta saƙa da hannunta,
ya shiga akwatin hotuna
ya dama fuskokinmu wuri guda.

Torquil yana asibiti, santsi ya karya masa ƙugu.
To wa zan kama?

Matar kamfanin inshora, Elspeth Rennie,
ta yi mini ta'aziyya tukuna, muryarta da taushi,
sannan na ji ƙarar takarda.
"Gidan da ya haura kwana sittin ba mai kwana ciki,
ya fita daga inuwarmu, sai in an sanar da mu."
Kin rufe babban famfo?
Kin bar na'urar ɗumi tana aiki?
Akwai mai leƙawa yana rubuta rana?

A'a. A'a. A'a.

Ni ina ƙirga kwanakin rashinta,
ashe su ma suna nasu lissafin.

Yanzu na sayi inshorar gidan da ba kowa,
tsadarta ta fi ta gidan da ake dariya a ciki.
Sharaɗi: a zo, a duba, a sa hannu.
Don haka duk Asabar ta biyu ina kan hanya,
in shaƙi warin danshi, in taɓa bango,
in kwashe wasiƙun da har yau ke zuwa da sunanta,
in rubuta a littafi: an duba, lafiya.

Ruwa bai kai taga ba.
Kofin yana nan.
Kafin in kulle nakan ce, "Mama, na zo,"
wannan kuwa babu shafin da ya nema.