Daren da Wuta ta Ɗauke a Bakin Kogin Aare

Ƙarfe biyu saura kwata dusar ƙanƙara ta karya reshe,
reshe ya faɗa kan waya,
ƙauye ya rufe ido gaba ɗaya.
A ɗakin gadi allunan Gion Caduff suka mutu bi da bi.
Janareta ya yi tari sau uku, ya haƙura.

Makonsa shida da kama aiki.
Ya miƙe zumbur har kujera ta kife,
don bayan bangon nan randunan ƙarfe ne a tsaitsaye,
kowace ta fi mota goma nauyi,
cikinsu garwashin da bai san hucewa ba,
wanda zai ga bayan jikan jikan wanda ya hura shi.

Vreni Zumsteg ta ƙarasa kurɓar shayinta.
Ta ce, "Ɗauko tocila.
Kuma ban da gudu, matakala ta huɗu tana da santsi."

Zauren ya yi tsit, irin tsit ɗin da ke cika kunne.
Ba fanka, ba famfo, ba ƙarar komai.
Ta tsinko zare guda daga bakin gyalenta na ulu,
ta durƙusa dab da kafar da aka bari a gindin bango.
Zaren ya rusuna ciki, kamar baƙo mai sallama.
Ta kai shi jikin randa, tsakanin haƙarƙarin ƙarfe,
sai ya ɗaga kai,
ya miƙe yana rawa, yana nuna rufi.

"Wa ya kunna?" in ji Gion.

"Wa ke kunna wa hayaƙi hanyar sama?
Sanyi ya shigo ta ƙasa, ya sha zafi, ya yi sauƙi, ya tashi,
wani sanyin ya gaje gurbinsa.
Garwashin da kake tsoro shi ke yi wa kansa fifita.
In ya ƙara zafi, iskar ta ƙara sauri."

Ya kai tafin hannu kusa, bai taɓa ba.
Ɗumi ne kamar bayan saniya.

Ta haska masa murfi: wani a kan wani,
kowanne da nasa makulli na nauyi.
Ta ce waɗanda suka zana wurin nan
ba su dogara da ita ba, kuma ba ta ji haushi ba.
Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba:
yana gyangyaɗi, yana ritaya, yana manta inda ya sa takarda,
gwamnatinsa na faɗuwa, harshensa na sauya kama.
Sai suka je neman ma'aikatan da ba sa karɓar albashi:
nauyi, kauri, hawan zafi.
Hali zanen dutse.

"Nan ma zango ne," ta ce.
"Wata rana a kai su can ƙasa, cikin yumɓun da ya girmi duwatsun nan,
yumɓun da in ruwa ya zo masa sata
sai ya sha, ya kumbura, ya toshe ƙofar da ɓarawon ya biyo."

Gion ya yi shiru har tocila ta fara ja.
"To mu me muke yi a nan?"

Ta naɗe zaren a yatsa.
"Shaida muke. Kowane dare muna dubawa
ko har yanzu ana iya yi ba da mu ba."

Wuta ta dawo biyar da minti goma.
Allunan suka farka suna koke-koke,
ma'aunin zafi na nan inda suka bar shi.

Da gari ya waye, daga wurin ajiye motoci,
ya ga rufin fari fat, sai layi ɗaya baƙi
inda numfashin zauren ya narkar da ƙanƙara.
Hankaki bakwai sun jeru a kai suna gasa ƙafa.
Vreni na kankare gilashin motarta da katin banki.
A littafin aiki ta riga ta rubuta:
reshe ya faɗi, a gyara janareta,
a sa yashi a matakala ta huɗu.