Bayan Kanta a Rigasa

Tara saura kwata, wuta ta ɗauke.
Kafin in laluɓi fitila sai da na laluɓi firij,
don allurar sukarin Baba Ɗanjuma ba ta san haƙuri ba,
zafi kaɗan ya isa ya mai da ita ruwan banza.
Sau huɗu na ja igiyar janareto.
Man gobe ne, ya sha yau.

Sai ga Sagiru, hula a karkace,
idanu jajur kamar gauta.
"Anti, na tari. Kwalba uku."
Na kasa kunne ga ƙirjinsa daga inda nake tsaye,
ko tarin mage babu.
Ni na auna masa maganin zazzaɓi da cokali
tun yana goye a bayan Talatu mai ɗinki.
Ya zube kuɗi a kanta, sababbi kar,
ga mai shago yana bina hayar wata biyu.
Na ce babu.
Ya ce, "Na gaba zai sayar."
Na ce, "Na gaba da kabarinsa, ni da nawa."

Ɗazu da la'asar wata ta kawo takarda,
rubutun likita kamar tonon kaza a juji.
Na dubi takardar, na dubi yarinyar,
hannunta bai fi kaurin kara ba.
Awon ya yi mata yawa.
Na buga waya, ya ɗauka da muryar wanda bai runtsa ba:
"Subhanallahi, sifili ne ya ƙaru."
Sifili ɗaya tak, ɗan zobe,
da ya isa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu.

Hajiya Kande kuwa ta sayi man zafi ta ƙi tafiya.
"Wai me matar Malam Ila ke karɓa duk wata?"
Na ce, Hajiya, bakina ma kwalba ne,
an ɗaure murfin tun ranar da na yi rantsuwa.

Akwai kwali can ƙasan kanta,
kwanansa ya cika jiya.
Ƙwayoyin fes, ba wanda zai gane,
wani har ya koya min yadda ake goge lamba.
Na ja masa jan biro, na ture gefe.
Wanda ya miƙo hannu yana rawar ɗari
ba ya karanta kwali,
fuskata yake karantawa.

Jirgin dare ya yi kuka a tasha.
Na ƙirga cinikin yau, bai kai na jiya ba.
Na sa kwaɗo, na ja shi sau biyu.

Gobe Talatu za ta zo karɓar na hawan jini.
Tun daga bakin titi har gida
ina juya maganar Sagiru a baki,
ban san awon da zan ba ta ba.