Suna na Goma Sha Bakwai

Duk shekara, idan Yuli ya ƙarato,
ni ake bai wa gwangwanin fenti da tsani
in bi sunayen da ke dutsen dandali,
harafi-harafi, kamar mai tsince tsakuwa a alkama.

Talatin da ɗaya ne,
'yan ƙauyenmu da suka hau Jurjura
da bindigogin harbin kurciya,
suka ce wa Faransa ta tattara nata ya nata.
A samansu jinjirin wata da tauraro,
a ƙasansu masu busasshen ɓaure
na jingina kwanduna ran kasuwa.

Na goma sha bakwai, Akli Ait Mensur.
An sassaƙa shi cikin matattu,
sai ga shi, shekara biyu bayan 'yanci,
ya sauko daga motar Tizi Wuzu,
ba haƙora, ba yatsu uku,
ya tsaya ya karanta mutuwarsa da bakinsa.

Magajin gari ya ce a kankare.
Akli ya ce a bari.
"Yaron da ya hau dutsen can bai dawo ba,
ni sallahunsa ne kawai."

Tun daga nan, kowace la'asar
yana zaune ƙarƙashin sunansa cikin alkyabbar ulu.
In ina aiki sai ya daki tsanina da sanda:
"Ƙara wa Muhand, shi ya fi jin sanyi.
Ni shafa ɗaya ta ishe ni."

Wata rana ya nuna mini gindin dutsen.
"Ina Ferruja?
Shekara bakwai tana kai mana gurasa
a ɓoye cikin damin itace,
ta gaban sojoji, tana yi musu tari.
Wai mai sassaƙa ya ce dutse ya ƙare.
Dutse! A ƙasar nan!"
Ya yi dariya har ya shaƙe.

Bana, lokacin tsinkar zaitun, muka binne shi.

Yau na hau tsani,
na zo na goma sha bakwai, hannuna ya tsaya.
Ba wanda ya daki tsanin.
Sunan ya gama jiran mai shi.
Shafa ɗaya na yi masa.

Da ragowar fentin na sauko,
na durƙusa inda awaki ke soshe-soshe,
na rubuta Ferruja.
Na sani, fenti ba sassaƙa ba ne,
ruwan hunturu zai tafi da shi.

To, ya tafi.
Gwangwanin baɗi ma hannuna zai zo.