Numfashi Cikin Kwalba

Bayan sashen kimiyya, inda kwalta ta ƙare,
akwai ɗaki mai rufin kwano da ya sha tsatsa.
Ɗalibai na wuce shi da littafi a hammata,
sai kwalbar gwaji ta fashe
su tuna inda ƙofarsa take.

Daga Aboabo nake hawa mota da asuba,
in sauka bakin jami'a kafin masu koko su watse.
Bana shekara goma sha tara.

Opanyin Antwi ne ya buɗe ɗakin,
zamanin da kowace kwalba sai ta ƙetare teku,
ta kwana Tema, ta iso Kumasi a naɗe da ciyawa,
rabi lafiya, rabi gari.
Ya ce abin da ya iya mutuwa a nan
ai a nan za a iya haifarsa.

Hausarsa ta 'yan goro ce, a Zango ya tsince ta.
Ranar farko tsintsiya ya miƙa mini.
Wata uku ina share tartsatsi,
shi kuwa magana ɗaya kullum:
"Inusa, gilashi mai zafi da mai sanyi fuskarsu ɗaya."
Kunne bai ji ba, yatsa ya ji.
Ga tabon nan.

Kayanmu ba yawa.
Tukunyar gas biyu ɗaure da sarƙa a bango,
bakin wuta mai harshe shuɗi,
injin juyi da ya girme ni, yana tari kafin ya tashi,
tabarau da ke shanye hasken rawaya,
sandunan gilashi a jere kamar rake,
sai tanda a kusurwa,
inda aikin yini ke kwana ya huce a hankali.
In aka ɗauke wuta cikin dare,
da safe sai mu tarar da tsaga,
siririya kamar gashi,
mu yi shiru, mu sake.

Kakana maƙeri ne, da zugazugi yake zuga.
Ni huhuna ne zugazugina.
Ka hura da ƙarfi, ta kumbura ta fashe,
ka ji tsoro, ta lanƙwashe ta zube,
hannu kuwa ba ya daina juyi
ko ana kiran sunanka.

Farfesoshi sun zo da zane a bayan ambulan,
sun tafi da abin da suka gano magani da shi.
Ban ga sunansa a takardunsu ba.
Yana cikin littafin odarmu, mai bangon da ya yage,
da jan biro.

Da numfashi ya fara yi masa gardama
ya koma Ejisu. Damina biyu ya ƙara.

A kan kanta akwai 'yar kwalba, girman lemun tsami,
ya hura ta ranar sallama, ya toshe bakin da wuta.
Iskar da ke ciki tasa ce.
Na hana mai shara taɓa ta.

Yanzu roba ta cika ɗakunan gwaji,
an ce a ofis ana maganar mayar da mu sito.
Amma jiya wata 'yar aji biyu, Hamdiya,
ta kawo bututun da ya karye,
na gyara, ba ta tafi ba.
Ta tsaya tana kallon wutar,
leɓɓanta na motsi kamar mai busa shayi.

Tsintsiyar na nan bayan ƙofa.